Garin ɗorawar Arlit da baƙar lakar fadama

 Ga abin da muka tattauna a filin tarihi, an sa shi a takarda saboda wanda bai samu ji ba, da wanda yana tsakar ji batir ya mutu masa.

Duk wanda ya manyanta a bakin kogin nan ya san ayarin. Manyan motoci a jere, su gangaro daga Doso, su ratsa Gaya, su hau gada, su wuce Kandi ba ruwansu da cinikin kowa. Kayan da ke ciki gangunan ƙarfe ne cike da uraniyom da aka tace, gari mai launi irin na garin ɗorawa. Daga Arlit yake tasowa, ya bi Agadas, Tawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, tafiyar wajen kilomita 1,600 kafin Paraku. A da can nan ake ɗora shi a jirgin ƙasa zuwa Kwatano, sai jirgin ruwa ya kai shi Faransa, inda da irinsa ake samar da mafi yawan wutar lantarkin ƙasar. Motocin da ke hawa arewa kuma su ɗauko farar wuta da sauran kayan da ake narka dutsen da su. Shekara kusan hamsin ana wannan kai-da-kawo ta ƙofar gidanmu, har zuwa juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da ya jawo rufe gada, fatake suka koma fito a kwalekwale.

Wani makiyayi ne ya aiko da tambayar da ta haifi wannan shiri. Ya ce: in ganga ɗaya ta fashe a fadama, ƙasa takan cinye abin ne ya wuce, ko kuwa ajiya take yi ta dawo mana da shi ta bakin saniya? Baffa, tambayarka ba ƙarama ba ce. Ita ce ta hana masanan Turai barci tun shekarun 1970, duk inda ake neman ramin da za a binne sharar nukiliya. Amsar kuma tana rataye da abin da ka fi su sani, wato ruɓi: ganye da saiwa da ciyawa da kashin dabba da suka ruɓe suka koma baƙar ƙasa.

Mu fara da yadda aka yi uraniyom ya taru a Arlit tun asali, don a nan labarin ruɓi ya soma. Faransawa sun fara cin karo da shi a 1957 a Azelik, wajen Ingal, suna neman jan ƙarfe. Aka kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara fitar da kaya a 1971. COMINAK ta biyo baya a 1974, ta fara a 1978 daga rami mai zurfin mita 250 a Akuta. To me ya sa a nan, ba a wani wuri ba? Masana duwatsu sun ƙiyasta cewa fiye da shekara miliyan 300 da suka wuce, wannan hamada bakin ruwa ce, gulabe suna zubo yashi haɗe da karmami da gungumen itace. Gawayin da ake haƙa a Cirozerin, wanda ke ba ma'adinan wuta, ragowar tsirran wancan zamani ne. Yashin ya danne ya zama dutse da ruɓin a cikinsa. Daga baya ruwa ya riƙa wanko uraniyom daga duwatsun Ayar yana ratsawa da shi ta cikin wannan dutsen yashi. Duk inda ya iske ruɓi, sai ya tsaya. Kaɗan-kaɗan har ya zama arzikin da ƙasashe ke faɗa a kansa yau. Ma'adinin Arlit tarko ne da matattun tsirrai suka ɗana.

Yadda tarkon ke kamawa, ku tuna rijiyar marina. Marini yakan zuba baba da toka a ruwa ya bar su kwanaki su ruɓa. Ruɓin ya cinye iskar da ke cikin ruwan, shuni ya narke ya shiga zare. Da an ɗago zanen iska ta buge shi, sai shunin ya kama, ya daina narkewa. To uraniyom kishiyar shuni ne. Shi inda iska take nan yake narkewa ya bi ruwa, balle in ruwan na da ɗan kanwa-kanwa. Inda ruɓi ya cinye iska kuwa, kamar can ƙasan baƙar lakar nan mai wari da ke kama ƙafar saniya, sai ya daskare ya zauna.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai mu ce a binne kowace shara a fadama a huta. Amma ruɓi hannu biyu gare shi. Kowace mace ta san in aka goge tasa da tsamiya tsatsa na fita. Kowane majemi ya san in ƙarfe ya taɓa ruwan bagaruwa sai ya yi baƙi. Ruwan tsiro yana kama ƙarfe ya rungume shi. Ku dubi tabkin da ganye ya jiƙa a ciki har ruwan ya yi kamar shayi: wannan launi ruɓi ne da ya narke, ƙwayoyinsa ƙanana ƙwarai, tsumma ba ya tace su. In irin wannan ƙwaya ta rungumi burbushin nukiliya, ba ta barinsa ya manne wa yumɓu ko dutse, sai ta goya shi duk inda ruwan ya nufa. Ruɓin da ke zaune turke ne. Wanda ya narke jaki ne, ɗaukar kaya yake yi. A fadama ɗaya za ka samu duka biyun, kuma wanda ya fi ƙarfi yana sauyawa daga damina zuwa rani.

Shaida mafi tsufa a kan turken daga Afirka ta fito. A 1972, a masana'antar Piyerlat ta Faransa, aka auna uraniyom da aka kawo daga Oklo, kusa da Faransbil a ƙasar Gabon, aka ga nau'in da ke kamawa da wuta ya gaza abin da aka saba gani: maimakon 0.720 cikin ɗari, sai 0.717. Bambancin kamar ba kome ba, amma a wannan harka ko ƙwaya ba a bari ta ɓata ba a bi sawunta ba. Bincike ya nuna cewa wajen shekara biliyan biyu da suka wuce, uraniyom ɗin wurin ya taru da yawa har ya kunna kansa a ƙarƙashin ƙasa, ya yi ta ci yana mutuwa na dubban ɗaruruwan shekaru, ba injiniya ba kamfani. Ikon Allah. Ya bar shara irin wadda tashoshin nukiliya ke bari yau, masana kuwa suka samu abin da ba za su iya gwadawa a ɗakin bincike ba: shara da aka binne tun fil azal, a je a ga ina ta kai. Abin da aka gani, wasu nau'o'in, har da fulutoniyom, kusan ba su gusa daga inda aka haife su ba. Wasu, kamar siziyom, sun sulale. A wuraren da wani baƙin abu mai kama da kwalta, wanda asalinsa ruɓin ƙananan halittu ne, ya lulluɓe ƙwayoyin uraniyom ya sandare a kansu, riƙon ya fi ƙarfi. Masu son gina ramukan shara suna yawan kafa hujja da Oklo, kuma suna da gaskiya daidai gwargwado. Sai dai Oklo ruɓi ne da ya daskare kamar dutse a can ƙasa, ba irin wanda ruwan sama ke jiƙawa kowace shekara ba.

Labarin da ya fi kusa da ku makiyaya shi ne na tumakin Birtaniya. Ran 26 ga Afrilu 1986 tashar nukiliya ta Carnobil, a ƙasar Yukiren ta yanzu, ta fashe. Hayaƙin ya bi iska, bayan mako guda ruwan sama ya sauke shi a tsaunukan Wels da Kambiriya da Sikotlan, inda ba a noma kome sai kiwon tumaki. Abin da ya sauka siziyom ne, wanda sai ya yi shekara 30 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. A watan Yuni gwamnati ta hana sayarwa da yanka tumakin yankunan, kusan gonaki dubu goma, tumaki sama da miliyan huɗu. Aka ce wa makiyaya su yi haƙuri, abin na mako uku ne. Masana sun dogara da gwaje-gwajen da aka yi a ƙasa mai yumɓu, inda yumɓu ke kama siziyom ya kulle shi yadda saiwa ba ta iya zaro shi. Abin da suka manta, ƙasar tsaunukan nan ba yumɓu ba ce. Ruɓin ciyawa ne zalla, baƙi, jiƙaƙƙe, mai tsami. Irin wannan ƙasa tana riƙe siziyom a sama-sama, ba ta barinsa ya nutse, ba ta kuma kulle shi. Ciyawa ta zuƙe shi tana zaton abincinta ne, tunkiya ta ci, ta yi kashi, ciyawa ta mutu ta ruɓe, ya koma inda ya fito, wata damina a sake. Mako ukun nan bai ƙare ba sai ran 1 ga Yuni 2012, da aka ɗage takunkumin daga gonaki 300 da wani abu da suka rage. Shekara 26. Yaron da aka haifa a shekarar fashewar ya yi aure yana auna tumaki da na'ura kafin ya kai su kasuwa.

Abu biyu na ɗauka daga wannan labari. Na farko, makiyayan sun san tsaunukansu kwari-kwari, sun san inda ruwa ke kwanciya da inda tumaki suka fi son kiwo, amma masu auna ƙasa ba su tambaye su ba sai da aka yi asara. Na biyu, dabarar da ta yi aiki dabarar kiwo ce: a auna tunkiya, wadda ta haura ma'aunin bekerel 1,000 a kilo a shafa mata fenti, a sauko da ita makiyaya mai tsabta a kwari, cikin makonni abin ya ragu a jikinta. Sauya makiyaya, abin da Bafulatani ke yi tun kaka da kakanni.

Su kuwa ramukan binne shara, tarihinsu tarihin wannan turke da jaki ne. Jamus ta zaɓi Gorleben a 1977, wani tulin gishiri a ƙarƙashin ƙasa, bisa hujjar cewa inda gishiri ya zauna miliyoyin shekaru ruwa bai ratsa ba. Sai aka tarar ruwan da ke kwance a bisan gishirin, a wasu wurare, ja-ja ne saboda ruɓin tsohon gawayi, aka shafe shekaru ana gwada yadda wannan ruwa ke goya burbushi ya ratsa yashi da shi. Manoman yankin suka yi ta tare hanya da taraktocinsu. A Satumba 2020 aka cire Gorleben daga jerin wuraren da ake dubawa, bayan shekara 43, kuma cikin dalilan har da rashin ƙwarin ƙasar da ta rufe gishirin. A Beljiyam, a garin Mol, tun 1980 aka fara haƙa ɗakin gwaji mai zurfin mita 225 cikin wani yumɓu mai ruɓi da yawa. Can aka ga hannayen biyu a wuri guda: ruɓin da ya narke yana ɗaukar burbushi, amma ƙofofin yumɓun ƙanana ne ainun, manyan ƙwayoyi sai su maƙale, ƙananan ne kawai ke wucewa, su ma da tafiyar hawainiya. Finlan ta zaɓi dutse, zurfin sama da mita 400, gangunan jan ƙarfe a naɗe da yumɓu, da niyyar su riƙe shekara 100,000. Ku lura, duk wannan wahala a kan tambayar Baffa ake yin ta.

To mu dawo gida. Babu ramin sharar tashar nukiliya a Nijar ko Benin, kuma yarjejeniyar Bamako ta 1991 ta haramta shigo da irin wannan shara Afirka daga waje. Abin da muke da shi shi ne dusar ma'adini. In an niƙa dutse an jiƙa shi da ruwan batir mai ƙarfi an zare uraniyom, abin da ya rage laka ce, kuma mafi yawan tiririn dutsen, wajen kashi 80 cikin ɗari, a cikinta yake zama, don ba a zare radiyom da 'yan'uwansa ba. COMINAK ta rufe ran 31 ga Maris 2021 bayan ta fitar da uraniyom tan 75,000. Ta bar dusa wajen tan miliyan 20 a fili, tudu guda mai faɗin hekta 120, 'yan kilomitoci daga gidajen Akokan. Shirin da kamfanin Orano ya gabatar shi ne a rufe tudun da yumɓu da dutse kaurin mita biyu, aiki na shekara goma, a biyo da wasu shekaru na sa ido. Radiyom kuwa sai ya yi shekara 1,600 kafin ya ragu da rabi. Ni dai a ganina, wanda ya ajiye kaya na shekara dubu ya ɗauki mai gadi na 'yan shekaru, bai gama magana ba.

Mutanen Arlit ba su yi shiru ba. Almustafa Alhasan, ma'aikacin ma'adinin, da ƙungiyarsa Aghirin'man, su suka gayyato ɗakin binciken CRIIRAD na Faransa a ƙarshen 2003. Greenpeace ta zo a Nuwamba 2009, ta ce cikin samfurin ruwa biyar da ta ɗiba huɗu sun haura ma'aunin uraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a lokacin. Kamfanin ya musanta cewa ruwan da yake ba jama'a na da illa. Abin da ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye shi ne ƙarafan da aka iske a kasuwar Arlit, bututu da tarkacen injin da suka fito daga masana'anta da dauɗar tiriri a jikinsu, ana sayarwa ana rufin ɗaki ana ƙera kayan gida. Ƙarfe ba ya zama inda aka sayar da shi, kun fi ni sani. Tsohon bututu mai ɓawon farin gishiri ko rawaya a cikinsa, da aka ce daga ma'adinin arewa ya fito, arharsa ba riba ba ce.

Kada wani ya tashi daga nan ya ce rediyo ta ce kogi ya gurɓace. Tsakaninmu da Arlit ya fi kilomita dubu, ruwan da ke ƙarƙashinta tsohon ruwa ne da ke kwance a dutse, ba ya zubowa Kwara. A can ma matsalar ta bambanta da tamu: ƙasar busasshiya ce, ruɓi kaɗan ne a samanta, abin tsoron shi ne iska mai ɗaukar ƙura da kuma yoyo zuwa rijiyoyi. Mu abin da ya haɗa mu da uraniyom hanya ce. A farkon 2004 wata motar ayarin ta yi hatsari a yankin Doso, gari ya zube. A Fabrairu 2017 wata ta kife a Dasa-Zume, can kudu da Paraku. Mota dai mota ce, taya na fashewa, direba na gyangyaɗi.

Ga amsar Baffa ke nan, gwargwadon abin da tarihin nan ya nuna. Garin ɗorawar nan ba ya ƙona mutum daga nesa. Illarsa a shaƙa ne ko a haɗiya, kuma ƙoda yake fara taɓawa. In ya zube a kan kwalta ko jigawa, a rufe shi, a kwashe da ƙasar da ke ƙarƙashinsa kafin iska da ruwa su raba shi, magana ta kusa ƙarewa. In ya shiga fadama kuwa, baƙar laka za ta kama shi, ruwan da ke gangarawa ya fito kusan da tsabta, wanda ya zo ya auna ruwa kaɗai ya ce lafiya lau. Alhali kayan na nan a tafin hannu ɗaya na saman laka, daidai inda ake dasa shinkafa, daidai inda shanu ke sauka da rani. Saniya in tana kiwon gajeriyar ciyawa da ƙasa take haɗawa, ba sai saiwa ta zuƙo mata ba. Sa'annan rani ya tsananta, laka ta bushe ta tsattsage, iska ta shiga inda da babu ita. Turken ya tsinke. Ruwan farko na damina, wannan mai launin shayi da ke kwaso ganye da kashin garke, shi zai ɗauki abin da laka ta riƙe wata da watanni ya kai tabkin da ke gaba. Don haka fadamar da abu ya zube a cikinta, laka ake aunawa, ba ruwa kaɗai ba, kuma a sake aunawa bayan ruwan farko. Kafin nan a kewaye ta da garke, ko da burtalin ya yi nisa. Gangar da ta faɗo kuma ba ta ɗiban ruwa ba ce, ko an wanke ta sau goma.

Gwamnatin Nijar ta karɓe SOMAÏR a Yuni 2025, rigimarta da Orano ta kai gaban masu shari'a, kowa na maganar wa ke da garin da wa zai saya. Ko ta wace hanya aka sasanta, Arlit ba ta da teku, kayan sai sun bi ta ƙasar wani, kuma gadarmu ce hanyar da aka saba. Kafin ayari ya dawo, akwai aikin da bai fi ƙarfin hukumomin Gaya da Malanbil ba: a bi hanya daga Gaya zuwa Kandi a rubuta kowace fadama da mashaya da kwalta ta ratsa, a ɗebi lakarsu a auna a ajiye lissafin tun ba abin da ya faru, don ranar da wani abu ya zube a san me ya ƙaru. Masu rubutun kuma kada su tafi su kaɗai. Su ɗauki ardo da sarkin ruwa a motar, su ne suka san wane tabki ke zuba cikin wane in Sota ta cika.